Tsofaffin Motocin Amurka Masu Ƙwanji: Kafin Ka Kalli Fenti, Duba Lamba

Duk mai yawo a TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da irin wannan bidiyon: an buɗe wani tsohon gareji a ƙauyen Amurka, an jawo motar da ƙura ta lulluɓe, cikin minti goma sha biyar ta koma sabuwa fil, sannan a rubuta maƙudan dalolin da aka sayar da ita. Su ne motocin da Amurkawa ke yi wa laƙabi da masu ƙwanji, irin su Pontiac GTO, Dodge Charger, Chevrolet Chevelle SS da manyan samfuran Ford Mustang. Matsakaicin bodi ne aka cusa masa ƙaton inji mai silinda takwas.

Zamaninsu gajere ne. Galibi ana fara lissafi daga GTO ta 1964, kuma kafin tsakiyar shekarun 1970 kasuwar ta mutu, saboda dokar tsaftace iska ta 1970, tsadar inshora, da matsalar man fetur ta 1973. Wannan gajartar ce ta sa suka yi daraja. A 2014 an sayar da Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi kan dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum. A Janairun 2020, Mustang ta 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt ta tashi kan dala miliyan 3.74 har da kuɗin gwanjo, ko fentinta ba a sabunta ba.

Ra'ayina a matsayin mai rubuta manhaja shi ne, wannan kasuwa ta bayanai ce. Ƙarfe ana iya sake ƙera shi. Abin da ke kawo tazarar dubban ɗaruruwan daloli tsakanin motoci biyu masu kama ɗaya shi ne 'yan haruffan da aka buga a jikinsu da kuma takardar da ke gaskata su.

Harafi ɗaya, farashi biyu

Ka san yadda ake danna *#06# a waya don a ga ko lambar IMEI ta yi daidai da ta jikin kwali? Haka abin yake a nan. A motocin Dodge da Plymouth na 1970, harafi na biyar a lambar shasi yana faɗin injin da motar ta baro masana'anta da shi. Idan R ne, injin 426 Hemi ne mai ƙarfin doki 425. Idan G ne, injin 318 ne na zuwa cefane. Tun wajen 1968 kuma kamfanoni suna buga wani ɓangare na lambar shasi a jikin inji da akwatin giya, don haka ana iya gane ko injin da ke ciki shi ne na asali.

Matsalar ita ce ba a daidaita tsarin lamba mai gurbi 17 da muka sani yau ba sai 1981. Kafin nan kowane kamfani da nasa salon, wasu kuma lambarsu ba ta faɗin abin da mai saye ya fi buƙatar ji. Chevelle ta 1970 misali ce: lambar shasinta ba ta nuna ko SS ce, balle ko tana ɗauke da injin LS6 mai ƙarfin doki 450. Duk wanda ya samu Chevelle ta gama-gari zai iya sayen tambari da kujeru da inji ya haɗa, ya kira ta SS. Shi ya sa masu harkar ke zolayar cewa LS6 ɗin da ke yawo yanzu sun fi waɗanda Chevrolet ya ƙera yawa.

Inda rumbun bayanai ya tsira, ƙarya tana wahala. Motocin Ford daga 1967 ana iya neman rahoton Marti a kansu, wanda ake cirowa daga bayanan masana'antar. Pontiac ma akwai PHS mai ba da kwafin takardun asali. Bambancin Ford da Chevrolet a nan duk mai shirya manhaja ya san shi: wani ya adana bayanansa, wani bai adana ba, kuma bayan shekara hamsin masu saye ne ke biyan kuɗin sakacin.

Intanet ta gyara rabi

Shafin Bring a Trailer ya fara gwanjo a 2014, kuma abin da ya fi burge ni a tsarinsa shi ne komai a fili yake. Mai sayarwa zai ɗora hotuna masu yawa har da ƙarƙashin mota, waɗanda suka san samfurin su yi ta tambaya a gaban kowa, farashin da aka sayar kuma ya zauna a shafin. Ya yi kama da kod ɗin da aka buɗe wa jama'a: idanu da yawa sun fi saurin gano aibu.

Amma wayar da ke nuna maka wannan ita ce ke nuna maka tallan bogi a Facebook da Instagram. Hoton motar wani ake kwafa a sa rabin farashi, a ce ka tura kafin alƙalami don akwai mai jira. Yanzu da AI ke goge tsatsa daga hoto cikin daƙiƙu, hoto ya daina zama hujja. Wasu na cewa a ɗora tarihin motocin kan blockchain a huta. Ban yarda ba. Tsarin yana hana a canza abin da aka shigar, amma ba ya tantance ko gaskiya aka shigar tun farko. Dole dai wani ya durƙusa da tocila ya karanta lambar jikin inji, ya bi bodi da maganaɗisu ko na'urar auna kaurin fenti don gano inda aka cike rami da fila.

Motar da ake cewa “saura kaɗan”

Ɓangaren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne motar da wani ya fara gyarawa ya gaji. Tamkar ka gaji manhajar da wani ya rubuta rabi ya tafi bai bar bayani ba. Kusoshi a cikin gwangwani, wayoyin lantarki an yanke, ba ka san me aka cire ko me aka ɓoye ba. Inji shi ne mai sauƙi, domin kayansa suna nan birjik. Tsatsar daɓe da ta ƙashin mota da aikin fenti su ne ke lamushe ɗaruruwan awanni, kuma a Amurka da awa ake biyan makaniki. Sau da yawa kuɗin gyara kan zarce abin da motar za ta kawo, sai dai idan samfurin da ba a cika samu ba ne kuma takardunsa sun cika. Bidiyon minti goma sha biyar ba ya nuna maka rasit.

Wani zai ce, to in motar tana da kyau tana kuma gudu, ina ruwana da lamba? Yana da gaskiya, kuma ina tare da shi a nan. Kamfanin Dynacorn yana sayar da sabon bodin Mustang ta 1967 da Camaro ta 1969 da lasisi. A 2021 Ford ya fito da injin lantarki mai suna Eluminator don masu son sa wa tsohuwar mota. Motar da aka haɗa da birki na zamani da na'urar sanyaya ciki ta fi ta asali daɗin tuƙi nesa ba kusa ba. Babu laifi a haɗa mota. Laifin yana wurin sayar da haɗi da sunan asali, kamar mai sa wa waya sabon kwali ya ce ba a taɓa buɗe ta ba.

Don haka mai niyyar shiga harkar ya fara yanke shawara. In tuƙi yake so, ya sayi haɗaɗɗiya a farashin haɗaɗɗiya, ya more abinsa. In jari yake son zubawa, ya nemi lambar shasi, lambar inji da takardar masana'anta kafin ya buɗe hoto ko ɗaya, sannan ya biya wani ƙwararre da ba shi da alaƙa da mai sayarwa ya je ya gani da ido. Mai sayarwar da ya ƙi tura hoton lamba ya riga ya ba ka amsa.