Baƙo Ya Zo Adar: Ina Zai Kwana, Me Zai Ci?

Kwanakin baya muna cikin shirinmu na gaishe-gaishen dare a rediyo, sai wani saurayi ɗan Allakaye ya aiko mana saƙon murya daga tsibirin Sisili na ƙasar Italiya. Da ya gama gaida iyaye da abokai, sai ya shiga ba mu labarin inda yake aiki. Wanke-wanke yake yi a wani ɗan ƙaramin otal mai ɗaki tara. Tsohon gidan manomi ne na dutse, aka gyara shi ba tare da an rushe ko bango guda ba. Ya ce lokacin hutun Turawa ana biyan Yuro 200 a kwana ɗaya, wato jika 131 ke nan na kuɗinmu. Abin da ya fi ba shi mamaki kuwa shi ne abincin: burodi, man zaitun, tumatir, wake, cuku da kifin da aka kamo da safe. A faɗarsa, abincin talakawan wurin ne, irin wanda kakar mai gidan take dafawa tun suna yara.

Ba mu kawo wannan labari don mu kwaɗaita wa kowa hanyar teku ba. Ranar 3 ga watan Oktoba na 2013 kaɗai, mutane fiye da 360 suka halaka a gaɓar tsibirin Lamfedusa, kuma har yau tekun bai daina cin ƴaƴan mutane ba. Mun kawo shi ne saboda tambayar da ya bar mu da ita: me ya sa abin da su suke sayarwa da tsada, mu kunyarsa muke ji?

Irin waɗannan ƙananan otal-otal sun yawaita a tsibiran Bahar Rum. Ba su gasa da manyan otal masu ɗaruruwan ɗakuna wajen girma. Jarinsu shi ne tsohon gini, da abincin gari, da mai gida wanda ya san sunan baƙonsa. A tsibirin Jarba na Tunisiya, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2023, akwai tsofaffin masaukan fatake a kasuwar Humt Suk, inda dā ake ɗaure dabbobi a tsakar gida, ƴan kasuwa su kwana a ɗakunan sama. An mai da wasunsu otal, kuma tsufan nasu ne mutane ke biya su gani. A tsibirin Sardiniya kuma, tun 1998 doka ta amince da wani tsari inda ɗakunan otal ɗaya suke warwatse cikin gidajen unguwa da masu su suka bari suka tafi neman aiki. Wanda ya san ƙauyukan Buza da Keita bayan an gama girbi, lokacin da samari suka watse biɗa zuwa Libiya, Abijan ko Najeriya, ya san cewa ɗakunan da babu kowa ciki ba su ne muka rasa ba.

Kuma sana'ar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun zamanin fatake Bahaushe yana da fatoma, mutumin da ke saukar da ɗan kasuwa, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya sami la'adarsa. Da wannan aka kafa zango-zangon Hausawa daga Kumasi har Ibadan. Saboda haka masu cewa karɓar kuɗin baƙo abin kunya ne, muna girmama ra'ayinsu, amma kakanninmu sun bambanta baƙon zumunci da baƙon sana'a. Na farko ba a karɓar masa ko dala. Na biyu kuwa shi da kansa ya fi son ya biya ya sake, maimakon ya takura wa iyalin wani a zaure.

To, yau in baƙo ya zo, me muke yi masa? Mu faɗi gaskiya. Mun taɓa sauka wani masauki a yankin nan, ba za mu kama suna ba. Ɗaki na siminti da rufin kwano, da azahar kamar tanda. Makewayi babu ruwa. Da muka tambayi abinci, sai aka kawo taliya da kifin gwangwani. Muka ce ko akwai tuwon gero da miyar kuka? Yaron ya yi dariya, wai ai wannan abincin gida ne, ba na baƙi ba. A ƙasar da ake noma albasar Galmi, wadda ake loda ta a manyan motoci zuwa Gana da Kodebuwa! A ƙasar kilishi da cuku da fura da nono, da dambu da kwaɗon zogale! Ko tabarmar Madawa, wadda sunanta ya kai ko'ina a Nijar, ba mu ga guda a ɗakin ba, sai wata shimfiɗar roba da ta riga ta yage.

Wani zai ce: wane Bature ne zai zo hutu Allakaye a halin da ake ciki? Gaskiyarsa. Ko Agadas, da tsohon birninta ya shiga jerin UNESCO tun 2013, matsalar tsaro ta rage mata masu yawon buɗe ido ƙwarai. Amma wa ya ce sai Bature ne baƙo? Dillalan albasa suna zuwa daga ƙasashen gaɓar teku su yi kwanaki suna jiran lodi. Ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyi suna zuwa aiki ƙauye, su gama da la'asar su kama hanyar Tawa ko Ƙonni don kawai babu inda za su kwana, kuɗin kwanan da aka ba su ya tafi can. Ƴan biɗarmu da suka yi arziki suna dawowa da abokai lokacin salla ko aure. Ɗalibai da masana aikin gona suna son ganin aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984 da taimakon Italiya da hukumar FAO, da layukan itatuwan kare iska na kwarin Majiya da aka soma dasawa a 1975. Duk waɗannan suna da kuɗin ɗaki mai tsabta da tuwo mai kyau. Lokacin bikin Tawa Sakola na 2017 mun ga yadda neman masauki ya zama aiki, mutane suna raɓewa gidajen dangi.

Abin da ake buƙata bai kai yadda ake tsammani ba. Ɗaki uku ko huɗu na ƙasa ko na dutse, irin ginin da maginanmu suka iya, wanda ke riƙe sanyi da rana. Gidan sauro, fitilar hasken rana, makewayi mai murfi, da mace ɗaya ko biyu da suka iya girki a biya su haƙƙinsu. A rubuta sunan kowane baƙo da lambar katinsa a kai wa hukuma, don zamanin ya canza. Magadan gari su sauƙaƙa takarda da haraji ga mai ɗaki huɗu, kada a auna shi da ma'aunin babban otal na Yamai.

Sai dai akwai inda ba za mu bi mutanen tsibiran ba ido rufe. A 2024 dubban mazauna tsibirin Mayorka na Sifen suka fito zanga-zanga, saboda baƙi sun yi yawa har ɗan gari ya kasa biyan hayar gida a garinsu. Malta, mai mutane wajen rabin miliyan, ta karɓi baƙi fiye da miliyan 3 a shekarar, kuma wani babban kaso na ruwan shanta daga teku ake tace shi. Mu ba mu da teku. A ƙauyukanmu na kan tudu, inda mata ke sammakon rijiya da rani, duk mai son buɗe masauki ya fara gaya wa unguwa inda zai samo ruwan wankan baƙinsa. In daga layin matan nan zai ɗiba, gara ya bari.

Shi kuwa saurayin namu, a ƙarshen saƙonsa ya ce ya fara koyon girki a wurin mai gidan, kuma yana tara kuɗin ginin siminti a gida. Mun mayar masa da amsa a shirin washegari cewa kafin ya sa a rushe tsohon ɗakin mahaifinsa da rumbun da ke bayansa, ya ɗauki hotonsu ya nuna wa mai gidan nasa, ya ji nawa zai ce a biya a kwana ciki. Muna jiran saƙonsa.