Kafin Dashe Sai Raino: 'Yan Matan Kura da Bunkure da Gasar Ƙwallon Kwando ta Afirka

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano a tsakiyar rani, sa'ad da hunturu ya gama ƙone ciyawa ƙasa ta yi fari fat, idan ya wuce Karfi ya doshi Kura, ko kuwa ya ratse ta hanyar Rano ya nufi Bunkure, zai ga abin da kakanninmu ba su taɓa gani ba a irin wannan lokaci na shekara, wato alkama da albasa da masara da tumatur kore shar iyakar ganin ido, ruwa kuma yana gudana a tsakaninsu kamar ana cikin marka. Yaran da aka haifa a nan sun buɗe ido sun tarar da abin haka, har suna ɗaukarsa tamkar halittar wurin ce. Amma dattawa suna tune da cewa sai da Gwamna Audu Baƙo ya tare ruwa a Tiga, aka gama madatsar a 1974, aka haƙa babbar hanyar ruwa, aka tsaga ƙanana daga jikinta har suka isa bakin gonar talaka, sa'an nan korama ta zo inda a da sai ƙura. Na fara da wannan ne domin mutanen wannan yanki, fiye da kowa a ƙasar Kano, sun san da idonsu cewa albarka tana bin hanyar da aka gyara mata, kuma da su nake so in yi magana a kan wani al'amari da galibinmu muke gani ya yi mana nisa.

Hukumar ƙwallon kwando ta duniya, wadda ake kira FIBA, tana shirya wa 'yan matan Afirka gasa biyu ta ƙasa da ƙasa, ɗaya ta waɗanda ba su wuce shekara 16 ba, ɗaya ta waɗanda ba su wuce 18 ba, kowace bayan shekara biyu, waɗanda suka yi fice kuma su wakilci nahiyar a gasar duniya. Sa'o'in 'ya'yanmu ne da ke ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare ko farkon babba. Tun da aka buɗe ta 'yan 16 a Bamako a 2009, har zuwa wadda aka yi a Monastir ta ƙasar Tunisiya a 2023, sau takwas ke nan a jere, babu ƙasar da ta ɗauki kofin sai Mali. A 2021 'yan matan Malin suka zo na huɗu a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 19 a Hungari, a 2024 kuma, da 'yan matan ƙasarmu suka yi ƙoƙari suka kai wasan ƙarshe na 'yan 18 a Afirka ta Kudu, su ɗin dai suka tarar a bakin ƙofa suka kayar da su. Mali kuwa, kowa ya sani, ƙasar Musulmi ce, ƙasar Tambutu da malamanta, ba ta kai mu yawan jama'a ko dukiya ba, tun 2012 kuma take fama da fitina. Abin da ta fi mu shi ne ƙungiyoyi irin su Djoliba da Stade Malien, da filayen unguwanni inda yarinya take fara riƙe ƙwallo tun ƙashinta bai yi ƙwari ba.

La'alla wani ya ce, ai mu ne sarakunan wasan, kuma lalle yana da hujja. Babbar ƙungiyarmu ta mata, D'Tigress, ta ci kofin Afirka a 2017 da 2019 da 2021 da 2023 da 2025, na ƙarshen ma Mali ta doke a Abijan. A wasannin Olamfik na Faris a 2024 ta kayar da Ostareliya da Kanada, ta zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta shiga sahun takwas na ƙarshe. Na yi murna da wannan kamar kowane ɗan ƙasa. Amma gaskiya ta wajaba a faɗe ta: mai horar da su, Rena Wakama, da da yawa daga cikin taurarinsu, a Amurka aka haife su, makarantun Amurka suka raine su, kishin ƙasar iyayensu ne ya dawo mana da su, Allah ya saka musu da alheri. Irin su Murjanatu Musa, wadda ta taso a gasar cikin gida, su ne shaidar cewa ƙasarmu tana iya fid da iri mai kyau in an kula. Manomin shinkafa a Kadawa ko Ɗan Hassan ya san bambancin wanda ya raini irinsa a fangali da wanda kullum sai ya je neman dashe a gonar maƙwabci, ya kuma san wanda zai kwana da yunwa ranar da maƙwabcin ya ce babu. Gasar 'yan mata ƙanana ita ce take tona wa kowace ƙasa asirin rainonta, domin yarinya 'yar shekara goma sha biyar ba a cika samo ta daga ƙetare ba.

To, ina 'ya'yanmu a cikin wannan lissafi? Ku dube su da hantsi a gonakin tumatur suna tsinka, suna cika kwanduna ana lodawa zuwa Kwanar Gafan. Ku dube su a gidajen gumi a Kura suna taya iyayensu jiƙa shanshera da turarawa da shanya da kwashewa. Ku dube su da farantin talla a ka, suna cin tafiyar da wani ƙato zai yi haki a kanta. Ƙarfi da juriya da tsawo da sauri, duk Allah ya hore musu, kuma iyayenmu mata da suka yi gaɗa a dandali cikin farin wata ba su taɓa ɗaukar tsalle da guje-guje a matsayin abin kunya ga budurwa ba. Dandalin nan ya mutu a garuruwa da yawa, ba mu kuwa kafa wani abu a madadinsa ba sai wayar hannu.

Na san abin da yake zuciyar uba mai kishin addini, kuma ba na raina shi, domin ni ma uba ne. Abu na farko sutura. Wannan ta daɗe tana zama shamaki na haƙiƙa, har ya kai 'yan wasan Ƙatar suka janye daga wasannin Asiya a Koriya ta Kudu a 2014 saboda an ce sai sun tuɓe lulluɓi. Amma bayan fafutikar mata Musulmi irin su Bilƙisu Abdulƙadir ta Amurka, FIBA ta janye dokar a 2017, yau yarinya tana iya shiga fili da kanta a rufe da dogon hannu da dogon wando, babu alƙalin wasan da zai tare ta. Game da asalin hukuncin motsa jiki ga mace kuwa, malamanmu sun fi ni sani, sai dai ina tunatarwa da abin da ya zo a ruwayar Imamu Ahmad da Abu Dawuda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha a cikin tafiya ta wuce shi, bayan wani zamani suka sake ya wuce ta, kuma a ruwayar Ahmad sai da ya umarci sahabbai su yi gaba tukuna. Wanda ya yi nazari zai ga halaccin wasan da ladabinsa sun zo tare a ƙissa ɗaya, kuma ladabin nan, wato keɓewa daga idon maza, shi ne abin da nake roƙo a gina a kansa.

Abu na biyu ya fi nauyi, shi ne amana, kuma ba zan ɓoye wa mai karatu cewa Malin da na yaba a nan ta yi tuntuɓe mai muni ba. A 2021 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fallasa cewa an daɗe ana cin zarafin 'yan matan ƙungiyar ƙasar, aka kama mai horar da 'yan ƙasa da 18, FIBA ta sa aka yi bincike, binciken kuma ya tabbatar da cewa ɓarnar ta yi jijiya a cikin hukumar wasan ta ƙasar. Uban da ya ji wannan ya ce 'yarsa ba za ta je ba, ban ga laifinsa ba. Sai dai ƙa'idar malamai ita ce, idan maslaha ta haɗu da mafsadar da ake iya toshewa, a toshe mafsadar a riƙe maslahar. Da hana 'ya'ya mata fita shi ne maganin kowace ɓarna, da Shehu Usmanu bai tsananta wa masu barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci ba, da Nana Asma'u ba ta naɗa jajoji, dattijai mata amintattu, su riƙa jagorantar 'yan taru daga ƙauyuka zuwa wurin karatu ba. Tsarin nan nata, na mace babba ta yi wa ƙanana jagora ta kuma amsa tambaya a kansu, ya ishe mu abin koyi.

Abin da nake nema kaɗan ne. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne a tsaye, 15 a kwance, kimanin ushirin eka ke nan, bai fi daɓen sumuntin da ake shanya shinkafa a kansa ba, sai turaku biyu da zobba masu tsayin mita uku da 'yan kai. A yi shi a cikin katangar makarantun sakandaren 'yan mata na Kura da Bunkure da Garun Malam, a ɗauko malamai mata da suka karanci ilmin motsa jiki a Jami'ar Bayero ko kwalejojin horon malamai na Kano, a rubuta sharaɗi cewa ba namijin da zai keɓe da yarinya da sunan horo, ba kuma tafiyar da za a yi sai da uwa daga cikin iyayen yara. A ƙara da cewa wadda ba ta zuwa aji ba ta shiga fili, domin na tabbata akwai yarinyar da darasin lissafi ba zai riƙe ta a makaranta ba lokacin kakar tumatur, amma son kada ƙungiyarta ta rasa ta zai riƙe ta. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2024, wannan kuwa yana cikin ilmi. Amma ban so a zauna jiran gwamnati, alhali masu injinan casar shinkafa da dillalan tumatur da ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, waɗanda guminsu da na 'yan matan nan yake zuba a gona ɗaya, suna iya ɗaukar nauyin daɓe ɗaya ba tare da sun ji a jikinsu ba.

Hanyar da ke gaba kuma a share take. Akwai gasar makarantun sakandare ta Milo da ake yi wa maza da mata, akwai babban ɗakin wasa a Ƙofar Mata inda ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars take wasanninta, ga Zariya nan kusa, inda filin Jami'ar Ahmadu Bello da Koci Oliver Johnson suka raini fitattun harkar wasan irin su Masai Ujiri. Amma duk wannan sai daga baya. Na farko dai a sa ranar Alhamis ɗaya, bayan an idar da sallar la'asar, 'yan matan Bunkure su zo Kura, a rufe ƙofar makaranta, iyaye mata da malamai mata su zauna a kan tabarmi su yi kallo, a tashi da sauran rana yadda baƙi za su isa gida kafin kiran magariba.