Wa Ya Ƙidaya Shekarun Ɗan Dako?

Jama'ar Tsaskiya da Safana da Batsari, 'yan kasuwa da manoma, ku matso ku ji wani biki da ake yi a ƙasashen waje. A barikokin sojan Amurka da ke Jamus da Japan da Italiya da Koriya ta Kudu, akan tara ma'aikata 'yan ƙasa waɗanda ba soja ba, su kuku da direba da akawu da kafinta da mai gadi. Babban hafsa ya miƙe ya kira mutum da sunansa, ya ce wane ya cika shekara 20 yana yi mana aiki, wane 30, wane 40. A ba shi takardar yabo da 'yar lamba ya maƙala a gaban riga, a yi tafi, a ɗauki hoto.

Ba mu raina wannan ba. Mutumin da ya yi shekara 40 yana hura wuta tun asuba ya isa a miƙe masa tsaye. Amma mu 'yan kasuwa ne, ba mu yaba buhu sai mun zura hannu mun ji abin da ke ƙasa. To mene ne a ƙarƙashin takardar Bajamushen nan? Akwai yarjejeniyar albashi ta 1966 wadda ƙungiyoyin ƙwadago suka sa wa hannu. Akwai wata ta 1971 da ta ce in an rage soja aikin mutum ya mutu, alhali ya kai shekara 40 da haihuwa kuma ya yi shekara 10 a bakin aiki, za a riƙa ba shi kuɗin tallafi, gwamnatin Jamus ce ke biya. A Japan ma gwamnatin ƙasar ce ke ɗaukar ma'aikatan a takarda, ita ke biyan mafi yawan albashinsu. Ashe hukumarsu ce ta tsaya musu. Lambar nan ado ce a kan riga mai kauri.

Yanzu mu dawo gida. Ai mu ma mun yi wa sojan baƙi aiki, tun kafin a haifi kakan wannan hafsa. Da yaƙin Jamus ya tashi a 1914, Ingila ta ja sojan Nijeriya zuwa Kamaru, aka ci Garwa a 1915, dutsen Mora ya miƙa wuya a 1916, daga nan aka zuba su a jirgin ruwa sai Gabashin Afirka. Babu hanyar mota, ƙudan tsando kuwa ya hana doki da jaki rayuwa. Wa ya ɗauki harsashi da shinkafa da akwatin Bature? Kan talaka. Laba 50 zuwa 60 a ka, ƙafa babu takalmi, ciki rabi. Ba soja ba ne shi, ba a ba shi bindiga ba. Razdan ya faɗa wa Sarki adadi, Sarki ya faɗa wa hakimi, hakimi ya faɗa wa dagaci, dagaci ya duba gidan da ba shi da mai tsaya masa. A Gabashin Afirka kaɗai, masu ɗaukar kayan Ingila wajen 95,000 suka mutu, 'yan can da waɗanda aka kai daga nesa, galibinsu atuni da zazzaɓi da yunwa suka kashe su.

Wa ya kira sunansu? Ku ji amsa daga bakin masu abin. A watan Afrilu na 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na Ingila da ƙasashen da ta mallaka ta fitar da rahoton bincike a kan kanta. Ta ce mutum 116,000 a ƙalla, watakila ma har 350,000, galibi 'yan Afirka da Misirawa, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, wasu ko alamar tunawa ba a yi musu ba. A cikin rahoton an tono maganar Gwamnan Gwalkwas, wato Gana ta yau, wanda a 1923 ya nuna wai baƙin mutum ba zai gane amfanin dutsen kabari ba. Kaico! Ya gane hanyar Tanganyika da akwati a kansa, amma wai ba zai gane sunansa ba. Ministan Tsaron Ingila ya tashi a majalisa ya ba da haƙuri, bayan shekara ɗari da 'yan kai. A Janairun 2025 aka buɗe wurin tunawa a Kef Tawun mai sunayen leburori baƙar fata fiye da 1,700 na Afirka ta Kudu. Madalla da su. Namu fa?

A yaƙin Hitila ma ba ta sake zane ba. Waɗanda suka ɗauki kaya a dazukan Boma a 1944 da 1945 an sa musu kaki an ba su lamba, amma da aka zo sallama, takardar Ingila ta 1945 ta yanka wa farin soja maras igiya sule 10 a kan kowane wata da ya yi, baƙin soja na Afirka kuwa sule uku da sisi. A nan gida, daga 1942 zuwa 1944, aka yi ɗiban gwamna, aka kwashi manoma wajen 100,000 zuwa haƙar kuza a Jos don yaƙin, har da mutanen ƙasar Katsina. Sanyin dutse da ciwo suka kwantar da da yawa. Ku tambayi tsofaffinku, akwai masu labari.

Kada wani ya ce laifin Bature ne shi kaɗai. Akawun En'e bai taɓa mance sunan talaka a littafin haraji ba. Ko saniya ta shige Dajin Rugu sai an bi ta an ƙidaya don jangali. Alƙalamin bai bushe ba sai ranar da za a rubuta wanda aka ɗeba da abin da yake bi. Wanda ya miƙa mutane, shi ya kamata ya bi sawunsu.

Za ku ce tsohon zance ne. To ga sabo, a bayan Jibiya. Amurka ta fara gina sansanin jiragen sama a Agadas a 2016, ta kashe dala miliyan 100 da ɗoriya, ta fita a watan Agusta na 2024 bayan gwamnatin soja ta Yamai ta soke yarjejeniya. Sojan Faransa sun riga su tafiya a Disamban 2023. Irin wannan sansani ba ya tsayuwa sai da birkila da mai shara da mai wanki da direban tankar ruwa, kuma akasari ta hannun ɗan kwangila ake ɗaukarsu. Dokar Amurka ta ce baƙon da ya yi wa gwamnatinta aiki da aminci shekara 15 a ƙasar waje ana iya ba shi izinin zama Amurka da iyalinsa. Ku yi lissafi da yatsu: daga 2016 zuwa 2024 shekara 8 ne. Yaron ɗan kwangila kuwa ko ya yi 30 ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Tafintocin Afganistan da aka bari a ƙofar filin jirgin Kabul a Agustan 2021 sun riga kowa sanin inda alkawari yake ƙarewa.

Mun ji masu cewa wanda ya yi wa sojan baƙi bauta, abin da ya same shi shi ya ja. Wannan maganar ƙoshi ce. Kuku ne ya sa hannu a yarjejeniya? Manya suka buɗe ƙofa, manya suka rufe, shi dai abincin yara ya je nema.

Abin da muke nema ba shi da wuyar faɗi. Duk gwamnatin da za ta bar sojan wata ƙasa su sauka, ta sa ma'aikaci a cikin yarjejeniyar tun ranar farko: sunansa, ranar da ya kama aiki, kuɗin sallama a kan kowace shekara, da diyya ga iyalinsa in ya mutu, ko ta hannun wa aka ɗauke shi. In Jamus ta iya a 1971, me ya hana mu? Kuma kada mu nemi a wurin baƙo abin da muka hana kanmu. A nan Batsari da Safana, tun da 'yan bindiga suka addabe mu, akwai masu ɗebo wa jami'an tsaro ruwa, masu dafa musu abinci, masu nuna musu hanya a daji. Ba baƙi ba ne, amma ba su da kaki. A rubuta su, a kulle littafin inda idon ɓarayi ba zai kai ba, don ranar da ɗayansu bai dawo ba matarsa ta san ƙofar da za ta buga.

Mu kam mun fara. Duk wanda ya gaji labarin kakansa da aka ɗeba zuwa Kamaru, ko Boma, ko kuza, ya biyo ofis ranar kasuwa da sunan mutumin, da na ubansa, da ƙauyensu, da ko ya dawo ko bai dawo ba. Littafi yana kan tebur, ba a biyan ko anini.