Haya Daga Nesa: Kada a Yi Cinikin Biri a Sama

A wannan mako za mu duba wata matsala da ke damun 'yan'uwanmu da ke ƙasashen waje, ko ma'aikacin da aka tura ƙaro ilmi a Ingila ko Malesiya, ko ɗan kasuwar da fatauci ya zaunar a Jidda ko Dubai. Mutum yana can, sai wa'adin gidan da iyalinsa suke ciki ya ƙare, ko kuwa lokacin dawowarsa ya gabato, ga shi yana bukatar gidan haya a Samaru ko Sabon Gari. To, ƙaƙa zai yi?

Kowa ya san samun gida a wannan yanki ba wasa ba ne. Tun da jirgin ƙasa ya iso Zariya aka kafa Sabon Gari, baƙi ke kwarara cikinsa. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sa'an nan Makarantar Koyon Tuƙin Jirgin Sama a 1964, sai malamai da ɗalibai da ma'aikata suka cika Samaru da Palladan da Hanwa. Masu nema sun yi yawa, ga kuma al'adar biyan kuɗin shekara gaba ɗaya. Saboda haka da dillali ya aiko da hoto ta waya, ya ce wani na nan zai biya gobe, sai mutum ya yi gaggawar aika kuɗi. Sau da yawa sai iyali sun iso da kaya a mota za a tarar rijiyar gidan ta ƙafe, ko ɗakin yana yoyo, ko ma wani ya riga ya tare.

Shari'a ba ta hana ƙulla haya daga nesa ba. Malam Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana a cikin Risala cewa ijara tana inganta idan an yanka mata wa'adi, an kuma ambaci kuɗinta. Ya kuma halatta cinikin abin da ba ya gaban mutum bisa siffantawa, har ya yarda a biya kuɗi tun da wuri idan abin ba mai saurin canzawa ba ne, kamar gida ko fili. Abin da aka hana shi ne garari, watau abin da Bahaushe ke kira cinikin biri a sama. Hoto kuwa siffa ce guntuwa. Yana nuna bango da fenti, amma ba ya nuna halin maƙwabta, ko nisan masallaci da makarantar yara, ko yadda ruwa ke kwanciya a lungun da damina.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure, suna ɗaukar dillali a matsayin wakilinsu. Dillanci sana'a ce halattacciya, la'adarsa kuma halal ce idan an yi yarjejeniya a kanta. Amma dillali ba ya samun la'ada sai ciniki ya faɗa, don haka zuciyarsa tana wajen a gama. Wakili kuwa amintacce ne wanda kai ka naɗa, ba shi da riba a cikin cinikin, ganinsa kuma yana tsayawa a matsayin ganinka. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo. In zuwan ya faskara, sai a zaɓi ɗan saƙon da ke tsoron Allah.

Muna ba da shawara wakilin ya taka da ƙafarsa, safe da dare. Ya leƙa rijiya, ya buɗe famfo, ya duba rufi da makewayi, ya tambayi bashin wutar lantarki da wanda ya tashi ya bari. Ya ga mai gidan ido da ido, ya kuma tabbatar wajen mai unguwa cewa gidan nasa ne, ba na magada da ake shari'a a kansa ba. Kada a ba da ko kafin alƙalami sai an yi wannan. Sa'an nan a rubuta wa'adi, da kuɗi, da wanda gyara ke wuyansa, a sa shaidu biyu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta ma'amalar bashi ta sauka.

Kada kuma a manta da uwargida. Ita za ta wuni a gidan, ita ta san wahalar sayen ruwa wajen 'yan garuwa. Mazauni haƙƙinta ne a kan miji gwargwadon ƙarfinsa, nisan tafiya kuwa ba ya sauke wannan nauyi. In tana gari, a kai ta ta gani tukuna.

Ku kuma da aka ɗora wa wakilci, ku sani amana ce. Wanda ya haɗa baki da dillali ya ƙara kuɗi don ya ji ana aiko da Dala ko Riyal, ya ci gumin ɗan'uwansa, kuma zai yi bayani gobe Ƙiyama.

Allah Ya tsare mana iyalanmu, Ya dawo da matafiyanmu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.