A GYARA FAKO TUKUNA

Ya ku manoma, ga wata sabuwa kuma. Masu mulki da malaman gonarsu sun fara yi mana wa'azi, wai mu bar kaftu da huɗa, mu riƙa tsaga ƙasa kawai muna zuba iri. Su ne kuwa mutanen da suka shekara da shekaru suna tallan tarakta, sai ka ce ita ce maganin yunwa. Tarakta mai nauyi in ta yi ta bin gona bisa zurfi guda, balle ƙasa na da danshi, sai ƙarƙashin ya daskare, saiwa ta kasa ratsawa, ruwan sama ya gangare da ɗan takin da ya saura.

Mu ba mu ƙi wannan noma ba. Tun cikin shekarun 1970 Rattan Lal ya gwada shi a IITA ta Ibadan, ya kuwa rage zaizayar ƙasa, amma fa da sharaɗin a lulluɓe gona da ragowar amfani. To, a nan Arewa wane kara ne ke kai wa damina a gona? Karan talaka shi ne dangarsa, shi ne makamashinsa, shi ne abincin akuyarsa a bazara. Wanda ya zuba iri bisa fako tsirara, ko da buhu nawa na maganin ciyawa, asarar iri ya yi, dillalin magani ne kaɗai zai ci riba.

Su leƙa Ilela ta jihar Tawa a Nijar. Wajen ƙarshen shekarun 1980 manoman can suka koyo tassa daga Yatenga ta Burkina Faso: a haƙa ƙananan ramuka da rani, a zuba ɗan takin dabbobi, gara ta zo ta huda ƙasa, ruwa ya tsaya ya shige. Fakon da aka yasar ya koma ba da gero, har ya yi kuɗi.

Saboda haka muna neman a fasa daskararriyar ƙasa sau ɗaya, a taimaki talaka da amalanken kai taki, a shuka wake da gyaɗa, a bar gawo ya tsaya. Sa'an nan Gwamnati ta faɗa mana abin da akuya za ta ci in an bar kara a gona.