Kafin ka sayar da bijimi ka sayi Starlink a Gwarzo ko Kabo

Duk mai shago a Gwarzo ko Kabo ya san ma'anar harafin "E" idan ya bayyana a saman waya. Mai saye ne zai tsaya a gabanka da kaya a leda, ya rantse ya tura kuɗi, alat kuma ya ƙi shigowa. Ko ka bar shi ya tafi kana fargaba, ko ka tsare shi ku ɓata da mutumin da kullum kuke sahu ɗaya a masallaci.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin Naira, ciniki ya koma waya ko ana so ko ba a so. Hukumar JAMB kuwa tun 2015 ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Don haka maganar sabis a karkara ta wuce ta kallon bidiyo a TikTok. Magana ce ta abincin gida da karatun yara.

A wannan hali ne sunan Starlink ya cika majalisu. Wani zai ce ya gani a Kano, ko ƙiftawa ba ya yi. Wani ya ce da zarar ya sayar da amfanin gona shi zai fara saya. Ni dai a ganina mafi yawan masu wannan buri ba shi suke buƙata ba, kuma 'yan kaɗan ɗin da ke buƙatarsa da gaske bai kamata su ɗauki nauyinsa su kaɗai ba.

Zaɓin wasu ba namu ba ne

A Amurka da Turai, da mutane suka gaji da tsohuwar intanet mai bi ta layin tarho, wadda gudunta bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba, hanyoyi uku aka shimfiɗa musu. Akwai DSL, mai amfani da wayar tagullar tarhon da ke gida tun asali. Akwai kebul, mai bi ta wayar da ke kai tashoshin talabijin gida-gida. Sai tauraron ɗan'adam, na waɗanda ke can nesa da gari.

Biyun farko sun dogara ne da wayar da aka riga aka ja, mu kuwa ba a ja mana ba. A 2001, lokacin da MTN da Econet suka fara aiki, layukan wayar girke na NITEL a duk faɗin Najeriya kimanin 400,000 ne, kuma kusan duka a manyan birane suke. Waɗanda suka manyanta a Kano za su tuna lamba 064. Daga baya NITEL ta durƙushe, wayoyinta suka bi ta. Abin da muke kira "kebul" a nan ma, irin su DStv da StarTimes, ta faranti ko eriya yake zuwa, babu wata waya da aka ja daga gari zuwa gari.

Saboda haka mutumin Lakwaya ko Gude da ya karanta a intanet cewa DSL ya fi araha, labarin wata ƙasa ya karanta. Namu zaɓin shi ne sabis ɗin kamfanonin waya, sai Starlink, sai kuma wayar faiba, wadda har yanzu a karkara ta fi yawa a bakin 'yan siyasa.

Fara da abin da ke kusa

Kafin a yanke wa sabis ɗin waya hukunci, ya kamata a san abin da ke sa shi rarrafe, domin ba ciwo ɗaya ba ne.

Wani lokaci nisa ne. Gidanka ya yi nesa da ƙarfen sabis, ko katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano sun tare siginar. Alamarsa ita ce idan ka fita waje ko ka hau tudu sai abin ya gyaru. Wani lokaci kuma cunkoso ne. Ƙarfe ɗaya yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma duk wanda ke ƙarƙashinsa daga kwano ɗaya ake ci. Shi ya sa za ka ga sandunan sabis a cike, 4G a rubuce ɓaro-ɓaro, amma shafi ya ƙi buɗewa bayan sallar Isha ko ranar kasuwar Getso, alhali da asuba yana gudu kamar ruwa.

Ciwon farko yana da magani mai sauƙi. Rauta mai cin layin waya, wadda ake iya haɗa mata eriyar waje a ɗaure a kan dogon ƙarfe a fuskantar da ita inda turken yake, takan mayar da sanda ɗaya ta koma uku ko huɗu. Wutar da take ci ba ta fi ta ƙwan lantarki ɗaya ba, ƙaramin batir ma ya riƙe ta. Ciwo na biyu kuwa ko eriyar zinare ka saya ba za ta yi komai ba, sai dai ka sauya kamfani.

Shawarar da nake bai wa duk wanda ya tambaye ni ita ce ya yi gwajin mako guda kafin ya kashe ko sisi. Ka ari layukan MTN da Airtel da Glo daga 'yan uwa, ka gwada kowanne a daidai wurin da za ka yi aiki da shi, da safe, da rana, da kuma ƙarfe tara na dare. Kada ka yi gwajin a bakin titi alhali shagonka yana cikin lungu. Layin da ya yi zarra a unguwa ɗaya yakan zama kurma a unguwar da ke bayanta.

A kula kuma da abu biyu. Na farko rauta mai tambarin 5G. Gaskiya ne Kano na cikin biranen da MTN ya fara kai 5G a 2022, amma siginar 5G ba ta tafiya nesa da turkenta. Idan wayoyin garinku ba su taɓa nuna 5G ba, ƙarin kuɗin da ka biya na ado ne kawai. Na biyu shi ne tsarin da ake tallatawa da sunan data marar iyaka. Yawancinsu akwai adadin da idan ka kai za a rage maka gudu, kuma a ƙananan rubutu ake ɓoye shi. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, karanta waɗannan ƙananan rubutun ya zama dole.

Lissafin da dillali ba ya yi maka

Ba na musun cewa Starlink yana aiki. Taurarin da aka saba da su, irin NigComSat-1R da Najeriya ta harba a Disambar 2011, suna can sama da nisan kilomita kusan 36,000, shi ya sa saƙo ke ɗaukar fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo. Na Starlink kuwa dubbai ne, suna shawagi a nisan kilomita 550 ko kusa da haka, don haka ana kiran bidiyo da su ba tare da magana tana hawa kan magana ba. Ba ruwansu da turke, ba ruwansu da ranar kasuwa. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da kamfanin na Elon Musk ya fara aiki a cikinta, a Janairun 2023, kuma kafin ƙarshen 2024 alƙaluman NCC sun nuna ya zama na biyu a yawan masu hulɗa a rukunin kamfanonin intanet da ba na wayar salula ba.

Mutumin karkara ma yana da wata riba da ɗan birni bai da ita. A ƙarshen 2024 sai da kamfanin ya dakatar da karɓar sababbin masu saye a wurare irin su Legas da Abuja saboda sun yi masa yawa. Inda farantan ba su da yawa, rabon kowa ya fi tsoka.

To amma a zo a yi lissafi. A Oktoban 2024 kuɗin na'urar ya tashi daga N440,000 zuwa N590,000. A lokaci guda kamfanin ya nemi ɗaga kuɗin wata daga N38,000 zuwa N75,000, NCC ta ce ba da izininta ba, aka ja da baya. A Mayun 2025 aka sanar da N57,000. Idan aka bi waɗannan farashin, kuɗin wata 12 ya kama N684,000, a haɗa da na'ura ya zama N1,274,000 a shekarar farko. Mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024 N71,000 ne. Wato ƙaramin ma'aikaci zai miƙa kusan duk albashinsa ya rage da N14,000.

Kuma ba a gama ba, saura wuta. Farantin yana cin wat 50 zuwa 100, ya danganta da samfuri. A ɗauka wat 75 ne: awa 12 a kunne ya lashe wat-awa 900 ke nan a rana. Wanda ya san yadda wutar lantarki take a garuruwanmu ya san wannan na nufin sola da batir da inbata masu ƙwari, ko janareta da man fetur kullum. Da yawa sai an kafa faranti sannan suke tuna wannan.

Sai damina. Ruwa mai ƙarfi irin na Agusta yana raunana siginar, wani lokaci ya yanke ta har sai hadari ya wuce. Farantin kuma yana son sararin sama fetal, don haka darbejiyar da ke ba ka inuwa a tsakar gida tana iya zama kishiyarsa. Idan ya lalace, babu ofishi a kusa da za ka je ka buga tebur. Ta manhaja ake kai ƙorafi a jira amsa.

Abin da ya fi damuna shi ne farashin ba a hannunka yake ba. Wanda ya nemi ninka kuɗi sau ɗaya zai iya sake nema, kai kuma ka riga ka zuba fiye da rabin miliyan a na'urar da ba ta aiki da kowane kamfani sai shi. Layin waya idan ya ɓata maka rai, cire shi kake yi ka sa wani.

Su wa ya dace da su? Waɗanda yankewar intanet ta awa ɗaya ke jawo wa asarar da ta fi kuɗin watan. Mai shagon intanet da ke yi wa ɗalibai rajista, cibiyar jarrabawa, asibiti, makaranta mai ɗakin kwamfuta, ko matashin da ke yi wa wani kamfani aiki daga gida ana biyansa. Su ma zai fi musu su bar rautar waya a gefe saboda ranar hadari. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko ta ci gaban gari da ta saya wa makaranta guda ɗaya, ta kuma ɗauki nauyin kuɗin wata da sola, ta yi abin da ya fi raba kofuna da kalanda a taron shekara. Sai dai a sani, ƙa'idar tsarin gida na Starlink ba ta yarda ka riƙa sayar wa maƙwabta ba, kuma sana'ar sayar da intanet tana buƙatar lasisin NCC. Mai niyyar mayar da shi kasuwanci ya bincika wannan tun kafin ya biya.

Wanda kuwa buƙatarsa WhatsApp ce da tura kuɗi da sauraren wa'azi da kallon ƙwallo jefi-jefi, ya bar bijiminsa a turke.

Kada faranti ya rufe mana ido

Akwai haɗarin da ba a cika magana a kansa ba. Idan shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa da manyan 'yan kasuwa duk suka kafa faranti a gidajensu, waɗanda muryarsu ke kaiwa sama sun daina jin zafin. Haka aka yi da ruwan famfo: masu hali suka haƙa burtsatse, aka bar talaka da 'yan garuwa. Haka aka yi da makarantun gwamnati.

Mai sayar da tumatir ba zai taɓa sayen Starlink ba. Abin da zai gyara masa sabis shi ne a ƙara turaku, a kuma haɗa su da wayar faiba, wadda ke ɗaukar bayanai ta hanyar haske a cikin zaren gilashi. Turken da ba shi da faiba yana karɓar saƙo ne ta iska daga wani turken, shi ma daga wani, kamar guga ana miƙawa hannu da hannu. Komai kyan wayarka, abin da gugan ya ɗebo shi za ku raba.

Alƙawura dai an sha su. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar zamanin Minista Isa Ali Pantami, ya yi burin intanet mai sauri ta kai kashi 70 cikin 100, da gudun aƙalla megabit 10 a karkara. Har tsakiyar 2025 alƙaluman NCC ba su kai kashi 50 ba. A Mayun 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shirin Minista Bosun Tijani na shimfiɗa ƙarin faiba mai tsawon kilomita 90,000, ga kuma shirin haɗa sakatariyoyin ƙananan hukumomi 774 da intanet. Gwarzo da Kabo suna cikin 774 ɗin nan, ba alfarma za a yi musu ba.

Jihohi ma suna da hannu a ciki, domin su ke karɓar kuɗin izinin haƙa ramin da ake binne wayar a gefen titi. An yi matsaya a kan N145 kowace mita, Ekiti ta sauko daga N4,500 zuwa wannan adadi a 2020, Kaduna kuma ta yafe shi gaba ɗaya a shekarar. Kamfani ɗan kasuwa ne. Idan kuɗin haƙa ya fi abin da zai samu a ƙauye, a Kabuga zai tsaya ya juya.

Gwarzo da Kabo kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai, kuma duk suna Kano ta Arewa a Majalisar Dattawa. Idan masu neman waɗannan kujeru suka zo gaisuwa da buhunan shinkafa, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ɗalibai su tambaye su a bainar jama'a: daga cikin kilomita 90,000 ɗin nan nawa ne zai bi ta titin Gwarzo, zai shiga Garo da Kutama ko a bakin kwalta zai tsaya, kuma a wace shekara?