Gani Bai Kori Ji Ba

Sanin kowa ne Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Ba ni da ja da magabata a kan wannan, domin su maganar shaida suke yi, wato wanda ya gani da idonsa ya fi wanda aka ba labari. Rigimata da marubutanmu ce, musamman ɗaliban da ke aiko wa wannan mujalla labarai da waƙoƙi, waɗanda suka mayar da karin maganar nan doka, suka toshe kunne, suka toshe hanci, suka bar wa ido shi kaɗai aikin alƙalami.

Ina cikin masu tace rubuce-rubucen da ake aiko mana, saboda haka abin da na karanta nake faɗa. Yarinyar labari kullum fara ce, doguwa, mai dara-daran idanu da gashi har gadon baya. Za a ƙirga mana kujerun falo da launin labule da irin motar da ke ƙofar gida. Amma a kawo tuwo da miyar kuka, ba za ka ji daddawa ko man shanu ba. A shiga kasuwa, ba ka jin kiran mai fura ko sarar mahauci a kan gungume. Mai karatu sai ya zama kamar wanda aka zaga gari da shi cikin mota an rufe tagogi ruf. Na san inda cutar ta samo asali: mun tashi a gaban finafinai, yanzu kuma ga waya a tafin hannu, sai marubuci ya ɗauka aikinsa shi ne ya zama kyamara. Ya manta kyamara ba ta da hanci, kuma nan ne alƙalami ya fi ta.

Abin takaicin shi ne, harshen da muke rubutu da shi bai yarda da wannan ba. A dubi kalmar "ji". Bahaushe yana jin ƙara, yana jin ƙamshi, yana jin zaƙi, yana jin sanyi, yana jin tausayi. Idan ya fahimci harshe sai ya ce yana jin sa, idan yaro ya lalace sai a ce ba ya ji. Kusan duk ƙofofin da duniya ke shigowa zuciyar mutum ta cikinsu an damƙa su ga wannan 'yar kalma, aka bar wa "gani" ƙofa guda. To, don me za mu gina adabi a kan ƙofa guda?

Mu ɗauki hanci tukuna. Ɗalibanmu kalma biyu suka riƙe, ƙamshi da wari, alhali kakanninsu sun yi wa abin rabon gado. Na ɗanyen kifi da jini ƙarni ne. Na abin da ya kama a wuta ƙauri ne. Na fitsari zarni ne, na bunsuru hamami, naman da ya fara juyawa ya yi bashi, wanda ya ruɓe sarai kuma ɗoyi yake yi. Kowace daga cikinsu labari ce cikakke. Idan marubuci ya ce amarya tana ɗaki ƙauri ya cika tsakar gida, ya gama gaya mana hankalinta ba ya wurin tukunya, ba sai ya ɓata shafi biyu yana bayanin damuwarta ba. Wanda ya rubuta "wari" a duk waɗannan wurare ya yi wa harshe asara, kuma kalmar da aka daina rubutawa, sannu a hankali za a daina faɗarta.

Batun kunne ya fi wannan tsanani, domin Hausa da kanta harshen kunne ce. A takarda, kuka na bishiya da kuka na hawaye ɗaya ne, haka wuya ta wahala da wuyan da ake rataya wa sarƙa, haka gari na zama da garin tuwo, har ma bashin da ake bin mutum da bashin nama. Karin sauti da tsawon wasali ne ke raba su, ƙa'idar rubutunmu kuwa ba ta nuna ko ɗaya. Shi ya sa Bargery a ƙamusunsa na 1934 da Abraham a nasa na 1949 suka wahalar da kansu wajen sa alamomin sauti. Su baƙi ne, sun san idan ba su kasa kunne ba sun ɓata. Mu 'yan gida sai ga mu muna rubuta waƙa ba mu rera ta ba ko sau ɗaya, layi ya karye ba mu ji karyewarsa ba. Harshen da ya bambanta cida da tsawa, ya ba doki haniniya, ya ba zakara cara, ya ba kare haushi, wanda abu ke faɗawa ruwa tsundum ya faɗo ƙasa tim, shi ne muka ƙuntata wa da "sai aka ji wata ƙara".

Mu da ke zaune a nan Kudu ba mu da uzuri ko kaɗan, domin kullum kunnenmu da hancinmu suna cikin makaranta. Wa ya sauka daga motar Arewa da asuba bai ji iskar ta yi masa nauyi a hanci ba? Iru na Yarabawa da daddawarmu duk daga kalwa ake yin su, amma nasu da danshi ake barin sa, tamu a kirɓa a shanya, kuma ko da ido a rufe matar Sabo za ta gaya maka wace tukunya ce ta wa. Gangan da kalangu kusan ƙira ɗaya ne, a hammata ake matsa su duka, amma ba Bahaushen da zai ji ɗaya ya ɗauka ɗayan ne. Ruwan sama a nan kan kwano yake sauka ya yi ta yi har ka daina jin sa. A gida kuwa, bayan watanni na rani, ɗigon farko idan ya taɓa busasshiyar ƙasa, ƙamshin da ke tashi yakan fito da mutane waje. Ɗalibin da ya kwana da kewar wannan ƙamshi, sannan ya zauna ya rubuta mana labarin wani falo da bai taɓa shiga ba, ya bar dukiya a gida ya tafi bara.

Na san abin da za a ce. Wasu za su ce kunya ta hana, wai ambaton wari a rubutu ƙazanta ne. To, Bahaushe mai kunyar nan ai shi ya ƙirƙiri kalmomin, kuma ban ga kunyar da ta hana ambaton turaren wuta da humra ba, su ma ba na ganin su a rubuce. Wasu za su ce mai karatu labari yake so, a bar jan rai. Ina tambaya: mai sayen tukunya da ke ƙwanƙwasa ta don ya ji ko da tsaga, da makanikin da ke sa kunne a inji, da uwar da ke bambanta kukan yunwa da na ciwo tana daga wani ɗaki, jan rai suke yi? Sanin da rayuwa ta dogara a kai ke nan, kuma shi ne naman labari. Wasu kuma za su ce zamani na ido ne. A zamanin nan ne, a 2004, aka ba Linda Buck da Richard Axel kyautar Nobel saboda gano yadda hanci ke tantance ƙamshi. A 2020 kuma, waɗanda cutar korona ta ɗauke wa jin ƙamshi sun gane abin da suka raina, ranar da tuwo ya zama kamar dusa a baki.

Wanda duk bai gamsu ba ya tuna da Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, wanda ya rasu a 1990. Makaho ne, amma har yau masu ido biyu ne ke neman digiri a kan abin da ya tsara da kunne.

Saboda haka ga shawarata ga duk mai niyyar aiko mana rubutu baɗi. Kafin ka ɗauki alƙalami, ka je bakin kasuwa ko tashar mota, ka sami wuri ka zauna, ka runtse ido na rabin sa'a. Ka lissafa abin da kunne da hanci suka kawo maka, kowanne da ainihin sunansa na Hausa, wanda ka rasa ka tambayi tsohuwa. Idan ka gama rubutu, ka karanta shi a bayyane har ka ji inda harshenka ya yi tuntuɓe. Labarin da ya zo teburina ba sauti ba ƙamshi, zan mayar wa mai shi, kowane ne shi. Kunne dai an ce ya girmi kaka, bai kamata a ce mu ne muka kore shi daga gida ba.